Gefen Dutsen Washi

Ranar Laraba da hantsi dutsen washi ya fashe a fuskar Baba.

Ina tsaye a bayansa, riƙe da gwangwanin ruwan da muke tsoma ƙarfe idan ya yi zafi. Kurfi yake wasawa, ƙarfen nan da muke huda katako da shi. Ya tayar da inji, ya ɗora bakin kurfin a hankali kamar kullum, tartsatsi ya fara zuba. Sai na ji ƙara kamar an maka tukunya da bango. Da na buɗe ido Baba yana zaune cikin garin katako, hannu biyu a fuska, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa. Bai yi ihu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kashe injin."

Baba kafinta ne. Shagonsa ɗakin farko ne na gidanmu, ƙofarsa tana kallon titi, bayansa yana manne da ɗakin Inna. Mai Aski, mijin ƙanwarmu Auta, shi ya fara isowa, don shagonsa yana ƙarshen layi. Shi ya ciccibi Baba ya sa a mota, shi ya zauna da shi a asibiti. Kafin azahar labari ya dawo. Idon dama ya tafi, na hagu kuma sai an kwance ƙyalle a gani.

Ni na ɗauka tsautsayi ne. Baffa, ƙanen Baba, ya ce ba haka ba ne. Direba ne, kuma komai da gudu yake yi. Ya tsince gutsattsarin dutsen ya jera su a kan benci, sai ga wani kwarmi a gefen dutsen, mai faɗin yatsa biyu, ya zagaye shi kaf. Gefen nan ba a ganinsa, akwai murfin ƙarfe mai noti uku da ke rufe shi.

"Wani ya kwance murfi, ya rage wa dutsen kauri, ya mayar ya ɗaure," in ji Baffa. "Wanda ya yi wannan ya san abin da yake nufi."

Mutanen layi sun cika ƙofa. Ba wanda ya kira suna, amma kowa ya juya yana neman Yaya, babban wana. Ranar Litinin sun yi faɗa da Baba a ƙofar shagon nan, kowa yana ji. Yaya ya ce ya gaji da katako, Baba ya ce to ya nemi uban da ba kafinta ba. Yaya ya nuna injin ya ce, "Wannan tsohon injin naka shi zai zama ajalinka."

Sannan Inna, cikin kuka, ta faɗi abin da ba ta yi niyyar faɗa ba. Wai duk ranar Talata, idan ni da Baba mun tafi kasuwar katako, tana jin injin ta bango, ya yi kuka na ɗan lokaci ya yi shiru. Ta ɗauka Yaya ne.

"Gobe da la'asar zan kai shi wajen 'yan sanda da hannuna," in ji Baffa. "Na ba shi kwana ɗaya albarkacin uwarsa. Idan ya fito kuma, ba a gidan nan ba."

Yaya ya dubi Inna, ya dubi Baffa. Ya shige ɗakinsa.

*

A kasuwar katako akwai wani tsoho mai gadi, ana ce masa Duba-Ƙasa. Da ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi, an ce yakan kwana uku a daji bai ɓatar da kofato ɗaya ba. Idan yana magana da kai, ƙafarka yake kallo. Ni ban iya gardama ba, shi ya sa a gida ake ce min Sanyi, kuma na san ba zan iya da bakin Baffa ba. Sai na tafi wajen tsohon da yamma, na durƙusa na faɗa masa komai.

"Ni shanu na sani, ɗana," in ji shi. "Inji ba ya barin kofato."

"Amma mutum ne ya taɓa shi, Dattijo."

Ya daɗe yana kallon silifas ɗina. "Kun share ɗakin?"

"A'a."

"Kada a share. Ka kulle, makullin ya kwana a aljihunka."

Washegari da sassafe ya zo da sandarsa. Ya tsaya a bakin ƙofar shago ya fi minti goma bai shiga ba.

"Duk layin nan sun taka nan," in ji shi. "Har da mai ɗingishi, har da akuya. To, nuna min yadda ake washin. Kada ka kunna, yi da hannu kawai."

Na ɗauki kurfi na tsaya a gaban injin. Na nuna masa yadda ake kwantar da shi a kan ɗan ƙarfen da ke tallafe shi, a taɓa goshin dutse da shi, a riƙa kai shi dama da hagu don kada wuri ɗaya ya cinye. Ƙirga uku, a tsoma a ruwa. Idan ka yi gaggawa bakin ya yi shuɗi, to ƙarfen ya mutu, ko ya yi kaifi ba zai riƙe ba. Bayan nan sai a koma dutsen hannu da ɗigon mai, a goge har ya iya aske gashin hannu.

"Gefen dutsen fa?"

"Ba a taɓa gefe. Shi ne abu na farko da Baba ya koya mana. Ya taɓa murɗe kunnen Yaya a kansa, muna yara. Dutsen goshinsa ne mai ƙarfi. Idan ana danna shi ta gefe yana sirancewa, wata rana yana cikin gudu ya tarwatse."

"Duk kafinta ya san wannan?"

"Ko wanda ya shiga jiya."

Ya ɗauki notin murfin guda uku ya kai su hasken ƙofa. Kawunansu sun yi fari fat, bakin tsagar ya ciccinye.

"Ku kuna yawan kwance wannan?"

"Sai za a canza dutse. Shekara biyu ke nan rabonmu."

"An kwance su ya fi sau ashirin, da ɗan ƙaramin sukundireba da bai cika tsagar ba. Mai son kashe mutum ba ya zuwa aiki duk mako kamar ɗan albashi." Ya shafa kwarmin da babban yatsa, ya lumshe ido. "Sumul. Wannan ba yanka ba ne, hanya ce. Haka shanu ke cin hanyar rafi, kullum kaɗan."

Tsakanin injin da bango akwai ɗan lungu, ba mai tsayawa a nan, ko tsintsiya ba ta cika shiga ba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara, ya kwantar da kumatu kusa da ƙasa. Ya kira ni. A cikin baƙin garin ƙarfe akwai sawu, amma rabi ne, gaban takalmi kawai ba dunduniya.

"Ɗage yake yi don ya ga abin da hannunsa ke yi. Gajere ne, ƙafarsa ƙarama. Yayanka fa?"

"Yaya sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan. Takalminsa kamar kwale-kwale."

"Baffanka zai ce ɗage ba tsawo ba ne. Wane gajere ne a layin nan yake da abin wasawa, kuma yake jin haushin ubanka?"

Na ce Tela.

*

Tela maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya. Shekara uku ba sa gaisawa da Baba a kan ƙarar inji. Mun same shi a kan keken ɗinki, allura a baki.

"Na san za a zo," in ji shi, ya cire allurar. "Eh, na ce zan zuba wa injin ruwa. Na kuma ce zan tashi daga unguwar. Kun ga na tashi?"

"Ara min almakashinka," in ji Duba-Ƙasa.

Ya miƙo min shi ba tare da ya duba ba. Na buɗe, na kalli bakin a haske. Layi ɗaya ne santal, ba zanen inji ko kaɗan.

"Hannun Baba ne wannan," na ce. "Dutsen hannu."

Tela ya kau da kai yana gyara zare. "Ni ban san komai ba. Almakashi dai yakan ɓace ranar Juma'a, ya dawo ranar Asabar da kaifi. Matata da uwarka su suka san hanyarsa."

Dattijo ya yi 'yar dariya ta hanci. Idonsa yana kan ƙafar Tela, wadda ta kumbura a idon sawu an ɗaure ta da tsumma. Mai wannan ƙafar ba zai yi ɗage ba.

"Ranar Talata kana jin injin?"

"Ina da zaɓi ne? Amma kukan Talata daban yake. Na maƙwabcina yana yi yana hutawa, yana yi yana hutawa, don yana tsoma ruwa. Na Talata siriri ne, dogo, kamar sauro a kunne. Tagata baya take kallo, ban ga kowa ba." Ya sa ƙafa a kan keken, ya fasa takawa. "Idon hagun, me suka ce?"

"Sai an kwance."

"Ka ce masa... a'a, bar shi. Kada ka ce masa komai."

*

A ƙofar ɗakin Yaya akwai jaka an cika ta an zuge. Inna ce ta haɗa masa, wai ya gudu kafin la'asar. Yana zaune a bakin katifa, bai taɓa abincin da aka ajiye masa ba.

"Samari, ina kake zuwa ranar Talata?" in ji Dattijo.

"Inda ƙafata ta kai ni."

"To bari in tambayi ƙafar."

Ya ɗauki takalmin Yaya ya kifa, ya zaro tsinke ya riƙa sakato wasu 'yan fararen abubuwa masu murɗiya daga tafin. Ƙarfe ne. Na ɗauka daga injin Baba suka fito.

"Kuna da mayen ƙarfe?"

Na kawo wanda Baba ke tsince ƙusa da shi. Ya ɗora a kansu, ko ɗaya bai motsa ba.

"Alminiyam ne," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Wata huɗu ke nan ina koyon haɗa taga a wani shago can bayan tasha. Talata ce kawai Baba ba ya nan."

"Me ya hana ka faɗa, Yaya?" na ce.

"Wa ya tambaye ni? Baffa bai ce ina kake ba, cewa ya yi ga abin da ka yi. Ko ogana ya zo ya rantse, za su ce na biya ta nan kafin in tafi." Ya nuna jakar da haɓa. "Wadda ta haife ni ma ga amsarta."

Na tura masa kwanon abincin kusa, ya ture.

Dattijo yana juya mayen ƙarfen a hannunsa. "Ɗana, samo min farar takarda da gashin kaza."

*

Muka koma lungun nan. Ya share garin da ke ƙarƙashin gefen dutsen da gashin kazar, a hankali kamar mai share idon jariri, ya tara a kan takardar. Ya wuce da mayen ƙarfe a kai sau uku. Baƙin garin ya tashi ya manne. Abin da ya rage yashin dutse ne, da wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar ƙaiƙayi.

Ya kai takardar ƙofa. Gashi ne. Guntaye, ba wanda ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, sun dunƙule da mai.

"Gashin da ya zube da kansa yana da tushe yana da tsini," in ji shi. "Wannan an yanke shi. Ga baƙi, ga furfura, ga mai laushi na yaro. Ba kai ɗaya ba ne, kawunan unguwa ne."

Na zauna a kan bencin Baba. Bakin kilifar aski shimfiɗaɗɗe ne, faɗinsa yatsa biyu. Ba ya wasuwa a goshin dutse, sai a wuri mai faɗi. Ban taɓa kawo shi a raina ba, don ni a sanina idan ya dakushe sabo ake saya. Mai Aski kuwa kafaɗata ce iyakar tsawonsa.

Sai na tuna wani abu. Wata shida da suka wuce madubin shagonsa ya faɗo, ya zo neman guduma muna shirin tafiya kasuwa. Na ce masa idan ya gama ya mayar da kansa, makulli yana cikin tsohon gwangwanin fenti a bayan katakan ƙofa. Ni na nuna masa da hannuna.

Mutumin nan shi ke min aski tun kafin ya auri Auta. "Babban yaya" yake ce min don tsokana, ko da ya girme ni. Ɗansu bai fi wata biyar ba.

"Ka san shi," in ji Dattijo.

"Na san shi."

"Ni abin da ƙasa ta ce zan faɗa. Yadda ya shiga kuwa ƙasa ba ta gaya min ba, kun tattake ƙofar. Idan akwai wanda ya sani, wannan nasa ne."

*

Bayan sallar la'asar Baffa ya iso da mota, bai kashe ta ba. Dattijo ya ce a ba shi minti goma, kowa ya zo shago da abin da yake wasawa. Baffa ya ce wasan yara ne, amma ya kashe motar.

Inna ta kawo wuƙar girki. Tela ya ɗingiso da almakashi. Yaya ya tsaya a jikin ƙofa, na ajiye kurfi a madadinsa. Auta tana goye da ɗanta. Mai Aski ya dawo daga asibiti ke nan, idonsa ja don rashin barci, kwanukan abinci a hannu.

Dattijo ya haɗa manyan gutsattsarin dutsen, gefen yana sama. Ya ɗora wuƙar Inna a kwarmin, ta haye ta wuce. Almakashi ma haka. Kurfin ya faɗa ciki yana lilo, ya yi masa kaɗan.

"Kai fa, surukin gida?"

"Ni reza nake saya, Dattijo. Idan ta dakushe in yar."

"Kilifa fa?"

"Tana shago."

"Bari in ɗauko," in ji Auta. Ta fita da sauri, don ita a ganinta taimakon Yaya take yi. Na so in riƙe ta, ban iya ba.

Ta dawo da 'yar jakar kayan aikinsa. Dattijo ya zazzage a kan benci. Ga kilifa biyu, ga buroshi, ga kwalbar mai, ga ɗan siririn sukundireba. Ya miƙo min, na kwance bakin kilifa ɗaya. Noti ya faɗi sau biyu. Na kifa bakin. Bayansa cike yake da zane masu lanƙwasa, duk sun bi hanya ɗaya, irin zanen da dutse mai juyawa ke bari. Na ɗora shi a kwarmin. Ya zauna daram, ba ragi ba ƙari.

Dattijo ya buɗe takardar gashin ya ajiye a gefe, ya koma ya jingina da sandarsa.

"Duk mai aski a garin nan irin wannan bakin gare shi," in ji Mai Aski. "Kuma shagon nan a kulle yake ranar Talata. Ta ina zan shiga?"

"Gaskiya ne," in ji Baffa. "Makulli 'yan gida ne kawai suka san wurinsa. Mutumin da ya kwana a tsaye a kan yayana, shi za ku laƙa wa? Kai, wuce mu tafi." Ya kama hannun Yaya.

Auta tana kallona. Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ta sa hannu ta baya ta tallafe ɗanta.

"Baffa, sake shi," na ce. "Ni na nuna wa Mai Aski wurin makulli. Ranar da madubinsa ya faɗo."

Mai Aski ya ajiye kwanukan a ƙasa a hankali, ya zauna a kan buhun garin katako.

"Mai wasa mana ya bar gari," in ji shi. "Kilifa ta fara cizon mutane, yara suna kuka, iyaye suna komawa wani shagon. Ran nan na zo mayar da guduma, na ga injin. Na ce minti biyu ne. Ta yi kaifi kamar sabuwa. Sai na sake zuwa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Wallahi ban san yana fashewa ba. Na ga yana cinyewa, na ce ai dutse ne."

"Me ya hana ka tambayi Baba?" in ji Auta.

"Kin san Baba da injinsa. Da wane ido zan ce masa na shigar masa shago ba ya nan?"

"Jiya fa?" in ji Yaya. "Jiya da aka jera gutsattsarin nan, aka ce ni ne?"

"Ina asibiti aka gaya min. Tun lokacin nake cewa yanzu zan faɗa, yanzu zan faɗa."

Inna ta zame ta zauna a dokin ƙofa, ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya saki hannun Yaya, ya juya ya cafki wuyan rigar Mai Aski.

"To kai za ka shiga motar."

Yaya ya sa hannu tsakaninsu. Bai ɗaga murya ba. "Baffa, tun jiya kake neman wanda za ka kai. Ba idonka ba ne. Mai idon yana kwance, a je a gaya masa, abin da ya ce shi ke nan."

"Kai da aka kusa ɗaurewa saboda shi?"

"Ba shi ya kusa ɗaure ni ba."

Baffa ya saki wuyan rigar. Duba-Ƙasa ya ɗauki sandarsa ya ce shi zai koma bakin aiki. Na raka shi ƙofa ina godiya, ya ce in bar godiya, in je in share shagon.

*

Mu uku muka shiga ɗakin da Baba yake, ni da Yaya da Mai Aski. An naɗe masa kai da farin ƙyalle har kan hanci, gemunsa ne kawai da baki a waje.

"Wa da wa?"

"Ni ne, Baba, Sanyi. Da Yaya, da mijin Auta."

Mai Aski ya durƙusa a gefen gado ya faɗi komai, bai rage ba. Baba bai katse shi ba. Da ya gama, Baba ya tambaye shi.

"A gefe ka wasa?"

"A gefe, Baba."

"Da ruwa?"

"Ba ruwa."

Baba ya ja numfashi. "Da ka kawo min, gilashi zan shimfiɗa da sanfefa mai laushi. Minti biyar. Ko wuta ba a bukata." Ya motsa yatsunsa a kan bargo. "Tashi ka tafi gida, yarinyar nan tana can da goyo. Ba na son ganin... ba na son jin muryarka kwana biyu. Bayan nan mu gani. Ka gaya wa ƙanena ya kai motarsa tasha."

Mai Aski ya fita yana share ido da hula.

Baba ya juyo da kansa, amma ba daidai inda Yaya yake ba, ya ɗan kauce. Yaya ya matsa ya koma inda fuskar ke kallo.

"Babba."

"Na'am, Baba."

"Jiya da aka zo aka ce min kai ne, ban ce musu ƙarya ne ba."

Na sunkuyar da kai. Na so a ce ina waje.

"Na sani," in ji Yaya.

"Na kwana ina neman abin da zai sa in ce ba kai ba ne. Maganar Litinin kawai nake ji."

Yaya ya daɗe a tsaye, hannunsa a aljihu, yana kallon farin ƙyallen. Ni dai ina kallon ƙofa, ina jiran in ga ya nufe ta. Sai ya jawo kujerar ƙarfen da Mai Aski ya kwana a kai, ya zauna. Ya ɗauki kofi ya zuba ruwa, ya sa hannu ɗaya a ƙeyar Baba ya ɗago shi.

"Sanyi, ka je gida ka kwanta," in ji shi. "Gobe da safe za a kwance na hagun. Ni zan zauna."